Bindigar Gaske a Kwalin Kayan Wasa

Kwalin ya fashe ne daidai lokacin da Alhaji Maidaji yake ihun a bi kaya a hankali. Mai lodi ya cilla, na cikin mota bai cafe ba, gindin kwali ya ɓare, sai ga bindigogin ruwa irin na yara sun watse a kan siminti, ja da kore da ruwan lemo, kamar an kifar da kwandon tattasai.

Safiyar Juma'a ce, ranar lodin kwantenar Kano, a siton da Alhaji Maidaji yake haya a bayan ginin Tianxiu, a birnin Guangzhou na ƙasar China. Duk mai kaya a ciki ya zo ya tsaya a kan nasa. Da ganin bindigogin nan, manyan mutane masu gemu suka koma yara. Wani ɗan Yamai ya suri ɗaya ya auna abokinsa yana cewa hannu sama, wani ya ruga famfo ya cika tasa ya dawo yana fesa wa Alhaji a ƙeya. Moussa, mai kwalin, yana bin su yana roƙo.

"Don Allah ku bari, kayan sallar yara ne, kar ku karya mini!"

Barmo ma ya sunkuya ya ɗauki ɗaya yana dariya. Nan take dariyar ta ɗauke.

Barmo tsohon jandarma ne daga Maradi. Ƙuruciyarsa duk a dajin Dakoro ta ƙare, wajen bin sawun ɓarayin raƙuma. Da ya yi ritaya ya biyo ƙaninsa Guangzhou don ya huta, sai sana'ar ta biyo shi: in kayan mutum sun ɓace tsakanin kasuwa da sito, ko an musanya masa kwali, Barmo ake kira. 'Yan Nijar suna ce masa Ajidan, muƙaminsa na da, Kanawa ma suka ɗauka.

Hannunsa ne ya gane ta kafin idonsa. Saman bindigar na wasa ne, an manna shi da gam. Amma mariƙin ya zauna masa a tafin hannu kamar tsohon aboki, ga kaushin nan, ga kunamar nan mai ɗan harshe a tsakiya. Ya zaro makulli ya kankare fentin ruwan lemon. Baƙi ya bayyana. Ya murɗe saman, gam ya saki, ga layukan ƙarfe biyu suna ƙyalli a cikin robar.

"Alhaji," in ji Barmo, "a rufe ƙofa. Kar kowa ya fita. Wannan ta gaske ce."

Wanda yake fesa ruwa ya saki tasa kamar ya riƙe garwashi.

Lao Chen, Basinen da ke da siton, ya sauko daga bene. Da aka yi masa bayani sai da ya dafa bango. A China ko rabin bindiga aka samu wurin mutum, ya shiga uku. Za a rufe siton, a karɓe fasfon kowa, kayan salla su ruɓe a kwantena. Ya zaro waya. Alhaji Maidaji ya riƙe masa hannu yana ta "Laoban, laoban," wato maigida, da guntun Sinancinsa da guntun Turanci, har da ƙwalla. Daga ƙarshe Lao Chen ya mayar da wayar aljihu, ya nuna ƙofar ƙarfen siton. In ya zo saukar da ita da yamma, ko su ba shi mai abin, ko ya ba 'yan sanda su duka.

Kafin ya gama hawa bene, ido ya koma kan Moussa.

"Kwalin wa? Ai magana ta ƙare!"

"Dama ni na ce mutum ya bar Maradi takanas don ya sayi bindigar ruwa, ruwa ba ya tsami banza."

"A miƙa shi kawai, mu tsira da kayanmu!"

Moussa yana rantsuwa, ba mai ji. Sai wata murya ta ratsa hayaniyar. Hajiya Hasiya ce, 'yar ƙasar Katsina, mai sarin dogayen riguna a kasuwar Baima, mace gajera marar son magana.

"Ku ji tsoron Allah. Wanne ne a cikinku ya ga lokacin da ya saka? Kwana nawa kwalin nan yana sito, kowa na shiga yana fita? Ba ga Ajidan ba? Ku bar shi ya yi aikinsa mana."

Mutane suka ja baya. Barmo ya naɗe abin a rawaninsa, ya ce a iya buɗe ƙofa. Wanda ya gudu, ya ce, shi ya sauƙaƙa masa aiki.

* * *

A ɗan ofishin Alhaji, Barmo ya kwance rawanin ya ajiye abin a kan tebur, yana zagaya shi kamar mai neman aure. Alhaji ya kasa haƙuri.

"Ajidan, gidana na cin wuta, kai kana murmushi?"

"Alhaji, ba ka san wa na gani ba ne. 'Yar Roba ke nan! Irinta na riƙe har na bar aiki. Ranar da aka kawo su barikinmu kowa ya ƙi ɗauka. Suka ce bokitin wanka aka narka, wai rana za ta lanƙwasa ta. Manya suka kwashe na ƙarfe, ni da nake ƙarami aka cilla mini ita. Har suna aka sa mini, wai Ajidan Bokiti."

"To sai aka yi yaya?" in ji Moussa, wanda tsoro bai hana shi son labari ba.

"Sai damina ta yi mana hukunci. Muka bi ɓarayi har bakin gulbi, ruwa ya ci mu, muka fito laka har kunne. Ɓarayin na tsallake suna jiranmu. Komandanmu ya ja tasa, shiru. Na kusa da shi ya ja, shiru. Ni kuwa na girgiza tawa, na zubar da lakar, na ja. Ta amsa! Na sake ja, ta sake amsawa! Wallahi raƙuma kansu sai da suka waiwayo. Ga ta ba nauyi, ka yini da ita a ƙugu ka manta, ba ruwanta da tsatsa. Daga ranar komanda ya riƙa zuwa aro."

"Allah ya jiƙan komanda," in ji Alhaji. "Mu fa?"

Barmo ya jawo kwalin da ya fashe ya durƙusa. Ya bi bakinsa da ɗan yatsa a hankali, yadda yake bin sawu a rairayi. Salatif iri biyu ne. Na ƙasa fari, na masana'anta, an yanka shi da reza a miƙe. Na sama rawaya, irin wanda ke rataye a ƙusa a ƙofar sito, kowa na yanka. A ƙarƙashin rawayan akwai ƙurar siminti da ta manne.

"Moussa, ka buɗe kwalin nan bayan an kawo shi?"

"Wallahi ko taɓa shi ban yi ba, Ajidan. Daga Shantou motar ta sauke shi nan."

"To a nan aka buɗe shi, kuma bayan ya kwana biyu yana shan ƙura. Da kai ne, a ɗakinka za ka yi, ba a gaban jama'a ba."

Moussa ya fashe da kuka. Barmo bai kula shi ba, ya koma kan abin. Mariƙin ya sha hannu har ya yi santsi a gefe. Irin wannan bindiga ana canza mata bayan mariƙi daidai da girman hannun mai ita, kuma wanda ke jiki shi ne mafi ƙanƙanta. Kyamarar Lao Chen kuwa ƙofa take kallo, layin kwalayen baya ba ta ganinsa.

"Abin da ya ɗaure mini kai," in ji Barmo, "ba a ƙera ta a nan. Daga gida aka kawo ta. Wa zai ɗauko rabin bindiga daga ƙasarmu ya kawo China, sannan ya nemi mayar da ita?"

Alhaji ya buga tebur.

"Samfur! Kamar yadda muke kawo takalmi a buga mana dubu! Ajidan, akwai yaron nan Haidar, mai karatun injiniya. Duk mai son a zuba masa roba a masana'anta shi yake yi wa tafinta. Kuma hannunsa kamar na mace."

* * *

Kafin a tayar da sallar Juma'a a Masallacin Huaisheng, labari ya riga Barmo isa. Yana ratsa sahu ana raɗa, ana satar kallonsa. Ya hango Haidar can kusa da tsohuwar hasumiya, dogo siriri da tabarau. Ana sallamewa idonsu ya haɗu. Haidar ya suri takalmansa a hannu, ko sawa bai yi ba, ya kutsa cikin jama'a.

Barmo ya ji jininsa ya motsa yadda ya daɗe bai ji ba. Ya tattare babbar riga ya bi shi.

A titin Guangta masu tsiren rago da masu burodi sun cika bakin hanya, hayaƙi ko'ina, Haidar ya ɓace. Amma an yi yayyafi lokacin huɗuba, kuma duk garin nan mutum ɗaya ne ke gudu da safa. Ga sawun nan a kan dakalin wani shago, babu tambarin takalmi, yatsu a baje. Ga shi ya karya kwana ya shiga lungu. Wata tsohuwa na tsince lemon da aka zubar mata tana zagi, ba sai an tambaye ta ba. Barmo ya tsallake keken kaya, ya sunkuya ƙarƙashin shanya, ya ce wa wani mai babur "shiye-shiye", na goden Sinawa, bayan ya riga ya ture shi. Sawun ya tsaya a ƙofar baya ta wani shagon taliya. A ciki, bayan buhunan fulawa, ga ɗalibin injiniya a tsugune yana haki.

"Mai kaza a aljihu," in ji Barmo, shi ma yana haki, "ba ya jimirin as. Fito."

"Baba, wallahi ba ni ba ne!"

"To gudun me kake?"

Haidar ya fito yana kakkaɓe fulawa. Bizar karatu gare shi, ya ce, tafintar da yake yi a ɓoye ce, in 'yan sanda suka shigo maganar korarsa za a yi. Sannan ga abin da ya fi wannan. Kwanakin baya wani mai masana'antar roba a Dongguan, wanda yake kai wa 'yan kasuwa, ya kira shi yana zagi. Wai wani ya turo masa hoto ta waya, ya ce Haidar ne ya ba shi lamba, yana son a zuba masa irin abin guda ɗari. Mutumin ya gane ko mene ne, ya ce wanda ya sake turo masa irin wannan zai kai shi hukuma.

"Wa ya tura?"

"Sabuwar lamba ce, an rufe ta. Ni kuwa Baba, wa ban ba lambar mutumin nan ba a Tianxiu?"

Ya miƙa wayar. Ga 'Yar Roba baƙa wuluk, kafin a yi mata fenti, a gindin bango, a kan farin tayil irin na kowane ɗakin haya a unguwar Xiaobei. Babu hannu, babu inuwa, babu komai. Barmo ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa Haidar ya nuna masa yadda zai riƙe bindiga in an ba shi. Haidar ya ɗaga hannu, ya lanƙwasa manuniya yana jan iska, bakin bindigar tasa ta ƙarya daidai cikin Barmo.

Barmo ya tuntsire da dariya har mai taliya ya leƙo.

"Sa takalminka. Ba kai ba ne. Dubi hoton nan da kyau. Babu bakin ƙarfe a jikinta, babu harsashi, ko sauro ba za ta kashe ba. Amma duk da haka an juyar da gabanta bango. Wanda ya ajiye ta haka an koya masa ladabin bindiga da bulala, har ya zame masa jiki. Mutumin da nake nema ya taɓa sa kaki."

* * *

Barmo ya biya ta kasuwar Baima, inda Hajiya Hasiya take ɗaure dilar riguna a wani shago a hawa na uku. Ita ce ta fi kowa zirga-zirga a sito a makon nan, ya ce, ko ta ga wani yana shawagi a layin baya?

"Kowa yana zuwa, Ajidan. Ni kaina can kayana suke." Ta ja igiya ta ƙulle. "Ba mamaki daga masana'antar aka yi kuskure."

"A'a, a sito aka buɗe."

"To Moussa fa?"

"Moussa ya fita daga zargi. Amma in ban kawo wani ba kafin a rufe sito, jama'a shi za su miƙa. Kin san mutane in kayansu na cikin ruwa."

Ta tsaya da ɗaurin. "Yana da 'ya'ya?"

"Huɗu, da tsohuwa."

Ta koma kan ɗaurinta. Barmo ya tambaye ta ko ta san wanda ya taɓa aikin soja ko kwastan a cikin masu kayan. Ta lissafa masa uku: Kallamu mai tayoyi ya yi soja, Ismaël ya yi gadin banki a Yamai, shi kansa Alhaji Maidaji an ce ya taɓa shiga 'yan sintiri.

"Madalla. Hajiya, ki taimake ni da abu ɗaya. Bayan la'asar zan tara su. Ina son wanda ba ya cikin zargi ya raba musu kayan wasan nan, ni in tsaya gefe ina kallon hannuwa."

"Allah ya kai mu," in ji ta.

* * *

Bayan la'asar sito ya cika. Lao Chen na zaune a kan matakala, waya a cinya. Barmo ya mayar wa 'Yar Roba samanta na wasa, ya ajiye ta ita kaɗai a kan wani kwali a tsakiya. Hajiya Hasiya ta zaga da kwando, kowane namiji ya ɗauki bindigar ruwa ɗaya.

"Kowa ya riƙe tasa," in ji Barmo, "ya zo ya gwada ta da wannan, ya faɗa mini bambancin da ya gani."

Ba amsar yake so ba. Yatsu yake kallo.

Kallamu tsohon soja ya fara zuwa, yatsa a kan kunama, yana kaɗa bindigar a fuskar mutane yana bayani. Da aka matsa masa ya amsa cewa a sojan ma girki ya yi. Ismaël ya leƙa bakin tasa da ido ɗaya. Alhaji Maidaji ya sosa kunne da tasa. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce, kowa yatsarsa a lanƙwashe a cikin zoben kunama, kamar yadda duk wanda bai san abin ba yake yi. Layin ya ƙare. Babu ko ɗaya.

Lao Chen ya miƙe, ya dubi ƙofar ƙarfe, ya dubi wayarsa. Hayaniya ta sake tashi, wasu biyu suka matsa kusa da Moussa suka tsaya a bayansa.

"Wasan yara ka tara mu yi, Ajidan?"

"A miƙa mai kwali!"

Barmo ya juya don kar su ga fuskarsa. A nan idonsa ya faɗa kan Hajiya Hasiya. Ba wanda ya kula da ita. Tana bin mutane tana karɓar bindigogin tana mayarwa kwando. Ta karɓi ta Kallamu: bakin ya kalli ƙasa, manuniyarta ta miƙe sambal a gefen jikin bindigar, nesa da kunama. Ta karɓi ta Ismaël, haka. Ta uku, haka. Bindigar ruwa ta yara, kore shar, a ɗan ƙaramin hannu mai lalle.

Barmo bai ɓata lokaci ba. Ya suri 'Yar Roba daga kan kwali.

"Hajiya, kama!"

Ya cilla. Kwandon ya faɗi. Ta cafe ta a iska da hannu ɗaya, ta juyar da bakin ƙasa, babban yatsanta ya danna maɓallin gidan harsashi, ɗaya hannun ya tare a ƙasa don ya karɓi abin da zai faɗo. Ba abin da ya faɗo. Duk wannan kafin mutum ya ƙifta ido. Mariƙin ya cika tafinta daidai, kamar da shi aka haife ta.

Kowa a sito ya zuba mata ido.

Ta dubi hannuwanta, sannan ta dubi Barmo. Ta yi ɗan murmushi marar daɗi.

"Hannu ba ya ƙarya, Ajidan."

"Wace runduna?"

"'Yan sandan kwantar da tarzoma. Na kai saje kafin in bari." Ta juya ga mutanen da ke bayan Moussa, muryarta ta canza, ta zama ta fareti. "Ku matsa daga bayansa. Tawa ce."

Suka matsa.

Ba wanda ya tambaye ta, ita ta faɗa. Garinsu ƙauye ne a bakin daji, Kwanar Ɗorawa. Da 'yan bindiga suka fara shigowa suna ɗibar mutane, ta sayi wannan a tsallaken iyaka ta kai gidan mahaifiyarta. Mazan garin suka yi mata dariya, suka ce bindigar mata ce, ta roba, su sun fi yarda da ta gargajiya mai toka. Da aka ce za a zo bincike gida-gida, ta binne ta a ƙarƙashin rumbu, damina guda tana cikin ƙasa.

"Ranar da 'yan bindigar suka zo da hantsi, a kan babura, na tona da hannuna. Ƙasa ce a ko'ina a jikinta. Na buga ta a cinya, na hau rumbu."

"Ta amsa," in ji Barmo, bai san ya faɗa ba.

"Ta amsa! Har sau nawa ma! Ba su zaci akwai mai mayar musu ba. Suka juya, suka bar 'yan matan da suka riga suka ɗaure. Washegari maƙeran garin suka zo. Suka ce ƙarfe ba ya gagararsu, robar ce ba su iya ba. Na ce ai ni China nake zuwa."

Da mai masana'anta ya yi barazanar hukuma, sai ta rasa yadda za ta yi da ita. Ta ɗauke ta ta je bakin kogi har sau biyu, ta kasa jefawa. Sai ta ga kwalin Moussa. Niyyarta in kaya sun sauka Kano ƙaninta ya saye kwalin gaba ɗaya, ba wanda zai sani.

"In da kwastan sun buɗe a hanya fa, Hajiya?" in ji Moussa. Bai ɗaga murya ba. "Sunan wa ke jikin kwalin?"

Ta sunkuyar da kai. "Naka. Na yi tunanin 'ya'yan garinmu, ban yi tunanin naka ba. Ba ni da bakin ba ka haƙuri."

Barmo ya karɓi abin daga hannunta a hankali.

"Saje, na fi kowa sanin daɗin wannan aba. Amma da an zuba miki ɗarin nan kin kai, kafin damina ta zagayo rabinsu suna hannun waɗanda kike tsoro. Wani a saya, wani a ƙwace, wani ɗan garin ne zai shiga daji da ita. Na bi sawun irin wannan har na gaji."

"To mu zauna a yanka mu?"

Barmo ya kau da kai, ya dubi abin da ke hannunsa.

Lao Chen ya sauko yana tambaya da hannu. Haidar, wanda ya biyo Barmo sito, ya yi masa bayani. Lao Chen ya ɗaga waya, Hajiya Hasiya ta ce a gaya masa ya bari, da ƙafarta za ta je wurin 'yan sanda. Wanda ya kai kansa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba, ita ma ta yi aikin. Ta gyara mayafi. Haidar, da tsoron korar da komai, ya ce shi zai yi mata tafinta. Barmo ya naɗe 'Yar Roba a rawani ya bi bayansu. Sun kai bakin titi suka ji takun gudu. Moussa ne, ɗauke da jakarta da ta manta, ya rungume ta a ƙirji, ya raka su har suka isa.

* * *

An yi wa kowa tambayoyi, an zazzage kwantenar kwali-kwali, kayan ba su isa Kano ba sai bayan salla. Alhaji Maidaji ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwar Barmo, sannan wata dilar shadda ta ɓace masa, ya kira shi. Haidar ya sha gargaɗi, ya ajiye tafinta ya koma aji. Hajiya Hasiya ta yi watanni a tsare, daga baya aka sa ta a jirgi, aka ce kar ta sake dawowa.

Wata rana da azahar Barmo na tsugune a sito yana duba salatif a kan wani kwalin fitilu, waya ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce. Daga can yana jin carar zakara da ƙarar turmi.

"Ajidan, Saje ce."

"Hajiya! Ya gida? Ya tsohuwa?"

"Lafiya lau. 'Yan bindigar sun sake zuwa, sun kora shanu. Sojoji sun zo da motoci, sun ce a nuna musu inda aka bi, duk garin nan ba wanda ya iya nunawa. Samari gare mu kamar ƙasa, amma ƙasar ce ba su iya karantawa ba. Na tambaye ka wata magana a sito ba ka ba ni amsa ba. Ka hana ni bindiga. To ka zo ka koya musu bin sawu."

Barmo ya dubi kwalin fitilun da ke gabansa, ya dubi layin kwalaye har rufi. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya kakkaɓe rigarsa.

"Saje," ya ce, "in mutum ya sauka Katsina, wace tasha ake shiga motar garinku?"